Ni na sayi tikiti, Baba ya ja tafiya

Mahaifina ya yi shekara 31 yana aikin reluwe, mafi yawansu yana gadin jirgi a layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tiƙe a Ƙaura Namoda. A kwatas ɗin ma'aikata na Sabon Garin Zariya aka haife ni, ni ne auta, kuma na buɗe ido na tarar harkar ta riga ta yi sanyi. Yayyena ne suka ga zamanin da gyaɗa da auduga da shanu ke cika taragai. Ni abin da na gani shi ne ciyawa tana cinye dogo, sai wata tsohuwar jaka a ƙarƙashin gadon Baba, a cikinta akwai usur, da tuta ja da koriya, da wani littafi mai baƙin bango wanda yake rubuta lokacin isa kowace tasha.

Baba ɗan Tijjaniyya ne, kuma ya taɓa zuwa ziyara Fas ta ƙasar Maroko sau ɗaya cikin ayari, shekaru da dama baya. Ya samu abin da ya je nema, amma akwai abin da ya tsaya masa a rai. Daga filin jirgi aka zuba su a bas, yana zaune jikin taga yana hango dogo a gefen hanya da wayoyin lantarki a samansa, jirage suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ya roƙi jagoran tafiya a bar shi ko tasha ɗaya ya leƙa, aka ce babu lokaci. Duk sanda zancen ya taso sai ya ce, "An kai ni an dawo da ni kamar buhun masara."

Bayan rasuwar Inna a 2022, Allah ya jiƙanta, Baba ya rage magana. Daga masallaci sai ɗaki. Wata rana da daddare ina zaune wurinsa ina latsa waya, na ci karo da bidiyon Al Boraq, jirgin ƙasa mai gudun tsiya na Maroko, na miƙa masa don kawai ya samu abin kallo. Sau uku ya sa na maimaita. Bai tambayi gudu ba, bai tambayi kuɗi ba. Cewa ya yi, "Auta, faɗin dogon nan nawa ne?" Na bincika na gaya masa. Ya yi lissafi a kansa ya ce ƙafa huɗu da inci takwas da rabi ke nan, irin na sabon layin Abuja zuwa Kaduna, nasu kuwa na da ƙafa uku ne da inci shida. Daren nan ya yi hirar da rabonsa da irinta tun ana zaman makoki. Kafin in kwanta na yanke cewa zan kai shi, kuma ba a ayari ba.

A wurinmu in mutum ya ce zai fita waje, ana jiran a ji ɗaya daga cikin huɗu: ibada, kasuwanci, karatu ko asibiti. Ka ce yawon buɗe ido za ka, sai a dube ka kamar wanda kuɗi suka yi wa yawa, alhali ni malamin makaranta ne mai ɗan shagon sayar da littattafai a gefe. Don haka na kira tafiyar ziyara, kuma ban yi ƙarya ba, rabinta ziyarar ce. Abin da ya fi tayar wa dangi hankali shi ne rashin wakili. "Wa zai tarbe ku? Wa kuka sani a can? Da wane yare za ku yi magana?" Larabcina na Islamiyya ne, Faransanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Na dai ce musu matambayi ba ya ɓata, a raina kuwa ni ma ina jin ɗar.

Na kwashe mako biyu ina zana tafiya, na fito da wani jadawali da nake alfahari da shi: garuruwa bakwai cikin kwana goma. Kasabalanka, Marrakesh, Rabat, Miknas, Fas, Shafshawan mai shuɗayen gidaje, sannan Tanja. Na kai wa Baba ina jiran yabo. Ya sa tabarau, ya karɓi birona.

"Wanne ne a ciki dogo bai kai ba?"

"Shafshawan, Baba. Sai an hau bas."

Ya soke shi. Ya tambayi sau nawa za mu sauka daga wani jirgi mu hau wani, na ƙirga masa. Ya girgiza kai ya ce, "Kai a takarda kake ganin minti goma sha biyar tsakanin jirgi da jirgi. Ni na ga tsofaffi da kaya suna gudu a kan dandamali shekara talatin. Ba zan zama ɗaya daga cikinsu ba." Sharaɗinsa guda ne, duk inda za mu je a samu jirgin da zai ɗauke mu ya dire mu ba canji. Da muka baje taswirar layukan sai ga hanya ta fito da kanta: Kasabalanka zuwa Fas, Fas zuwa Rabat, Rabat zuwa Tanja, Tanja kuma kai tsaye zuwa Kasabalanka. Jirgi huɗu, biyu na gargajiya, biyu masu gudun nan.

Marrakesh kuwa ba mu muka cire shi ba. Ranar 8 ga Satumba 2023 girgizar ƙasa ta auka wa yankin duwatsun Al Hawuz a kudu da birnin, mutane kusan 3,000 suka rasu. Da sassafe Yaya ta kira ni daga Kaduna muryarta na rawa, wai in rufa wa kaina asiri in fasa kai tsoho wannan ƙasa. Na yi ta nuna mata cewa tsakanin Fas da wurin akwai ɗaruruwan kilomita. Baba ne ya raba gardamar. Ya ce tafiya tana nan, amma Marrakesh a bar shi sai wani jiƙon, domin ba a zuwa kallo gidan makoki.

Wahalar gaske a kuɗi take. A shekarar nan ce Naira ta sulale, duk lissafin da na yi a watan Mayu ya zama tatsuniya kafin Oktoba, sai da na sayar da babur ɗina na cike. Ga shi a lokacin katin Naira ba ya sayayya a shafukan ƙasashen waje. Wani abokina mai asusun dala ne ya zauna da ni a shago, ina ba shi Naira yana biya da katinsa. Biza a Abuja muka nema, da tikitin zuwa da dawowa, da shaidar masauki na kowane dare, da bayanin asusun banki. Nan na gane amfanin gyaran da Baba ya yi, domin takardar masauki huɗu ta fi bakwai sauƙin haɗawa. Dirhami kuma ba kuɗin da za ka samu wurin 'yan canjinmu ba ne, dala muka riƙe, muka canza a can, kowace ɗaya wajen dirhami 10.

Tikitin jiragen ƙasan a shafin hukumar jiragen ƙasarsu, ONCF, na saya. Na Al Boraq farashinsa yana hawa ne in ranar tafiya ta matso, don haka na saye su da wuri. Kowane tikiti yana ɗauke da lambar jirgi, da lambar tarago, da ta kujera. Na ce wa Baba duk suna cikin waya. Ya ce, "Wayar ba ta mutuwa?" Na je na buga su a takarda, kofi biyu biyu, ya ninke nasa ya sa cikin baƙin littafin nan, wanda sai a ranar na san zai tafi da shi.

Tsakiyar Nuwamba muka tashi daga Legas, awa huɗu da ɗoriya muka sauka. Tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin saman take, ka sauka matakala kawai sai ga dogo. Baba ya tsaya a bakin dandamali ya daɗe yana duban ƙasa, yana kallon yadda aka ɗaure ƙarfen a kan kankare maimakon katako. Wajen rabin awa jirgi ya kai mu tashar Casa Voyageurs, kuma a kusa da ita na kama masauki, wannan dabarar kam tawa ce. Da yamma muka je Masallacin Hasan na Biyu, wanda aka gama a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani sashensa a kan teku. Ya yi kyau ƙwarai, amma Baba hankalinsa na kan safiya.

Safiyar ce ta fara ruɗa mu. A lokacin agogonsu da namu ɗaya ne in ba a watan azumi ba, don haka ban taɓa agogo ba, na ɗauka komai zai zo daidai. Baba ya tashi biyar saura kamar kullum, ya yi alwala ya zauna jiran kiran salla. Shiru. Sai bayan ƙarfe shida aka kira, rana kuma ba ta fito ba sai wajen takwas. Ga sanyi mai shiga ƙashi, ba irin hunturunmu mai bushewa ba.

Jirgin Fas tafiyar kusan awa huɗu ce. Aji na ɗaya na saya saboda ƙafar Baba, ɗaki ne mai kujera shida da ƙofar gilashi, na aji na biyu takwas ne. Jirgi na motsawa ya dubi agogo ya rubuta. Rabat ya rubuta, Kenitra ya rubuta, Sidi Kasim, Miknas, kowace tasha da mintin da aka tsaya da mintin da aka tashi. Wata dattijuwa da ke fuskantarmu ta yi ta kallonsa, can ta buɗe jaka ta miƙo mana lemo. Da mai duba tikiti ya shigo, ya ga littafin, ya yi tambaya da hannu. Baba ya zaro tsohon katin aikinsa daga aljihu, hotonsa yana saurayi da hular aiki. Mutumin ya duba katin, ya dubi Baba, ya dafa ƙirji ya ce, "Marhaba, ya Hajj." Suka yi hira ta wajen minti biyar, Larabcin littafi daga nan, Larabcin Maroko daga can, sauran da yatsu. Ni mai digiri ina zaune ban tsinci rabin abin da suka ce ba. Bayan ya fita na tambayi Baba me suka tattauna, ya ce, "Maganar aiki ce."

A Fas muka fi daɗewa, kwana huɗu. Tasi ja ta kai mu Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin ado, daga nan mota ba ta shiga. Tsohon garin lunguna ne dubbai, wasu in ka miƙe hannu biyu sai ka taɓa bango da bango, kaya kuma a kan jaki da alfadari da baro ake dakonsu. In ka ji an ce "balak" to ka manne da bango. Taswirar wayata ta haukace a ciki, ɗigon nan mai nuna inda kake sai tsalle yake daga wannan unguwa zuwa waccan. Samari suka yi ta tare mu suna cewa hanyar nan a rufe take, su zo su raka mu. Na kusa biye wa ɗaya, Baba ya riƙe hannuna. Ya je wurin wani mai shago dattijo ya yi sallama ya ce, "Sidi Ahmad Tijani." Dattijon ya kira wani yaro ya raka mu har ƙofar zawiya, ya ƙi karɓar ko sisi.

Abin da ya faru a zawiya tsakanin Baba ne da Ubangijinsa, ba zan baje shi a nan ba. Na dai san a nan Shehu yake kwance tun rasuwarsa a 1815, kuma ranar Juma'a bayan La'asar wurin ya cika da masu zikiri, 'yan Senegal da Mali da Muritaniya, har muka ji Hausa a bayanmu, wasu bayin Allah daga Damagaram. Wancan zuwan, in ji Baba, awa biyu aka ba su. Wannan karon kullum sai da ya je, ya zauna har ya gaji don kansa.

Abin da ban yi tsammani ba a wani ƙaramin masallaci kusa da masaukinmu ya faru. Bayan Magariba mutane suka zauna da'ira suka fara karatun hizbi baki ɗaya, kamar yadda suke yi kullum safe da yamma. Aka miƙa wa Baba Alƙur'ani, ya buɗe, sai na ga ya yi murmushi. Rubutun irin na allonmu ne, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, karatun kuma Warshu, wanda ya taso da shi a tsangaya. Ya shiga cikinsu kamar tare suka tashi. Ni da na yi Hafsu a Islamiyya sai laɓe-laɓe nake a baya.

Mun leƙa masallacin Alƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihriyya ta assasa a 859, mun kuma hau saman wani shago mun kalli majemar Shuwara. A bakin matakala ake ba ka ganyen na'ana'a ka kanga a hanci, domin da kashin tantabara suke jima. Baba ya ƙi karɓa, ya ce wanda ya yi gadin taragon fatu daga Gusau ba wari da zai ba shi tsoro. Mai shagon yana ta yabon fatar Maroko, Baba ya sa na gaya masa cewa jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce fatake suka riƙa ketare Sahara da fatarta, Turawa suka saya daga hannun mutanen arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko. Mai shago ya yi dariya, ya ce to ai mun zama 'yan uwa, amma bai rage ko dirhami ɗaya ba sai da muka juya za mu fita.

Rabat kwana biyu, gari mai tsabta da natsuwa. Mun ga Hasumiyar Hasan da aka fara a ƙarshen ƙarni na 12 ba a gama ba, mun sha shayin na'ana'a a Ƙasbar Udaya muna kallon kogi yana shiga teku. A nan ne kuma na tafka kuskuren da har yau ake yi mini dariya a gida.

Jirgin Fas a tashar Rabat Ville ya sauke mu, a tsakiyar gari, masaukinmu ma taku kaɗan ne daga wurin. Ranar tafiya Tanja na ce mu fita saura minti ashirin, tunda ga tasha ga mu. Baba ya ce awa ɗaya. Na yi ƙorafi a ciki na bi shi. Muka shiga, na samu benci na zauna ina tura hotuna gida. Shi kuwa ya tafi gaban allon jirage ya tsaya, takardarsa a hannu. Can ya dawo.

"Auta, jirginmu ba ya nan."

"Lokaci ne bai yi ba, Baba, zai fito."

"Na ga jiragen da za su tashi bayan namu. Lambarmu ba ta ciki. Jirgi ba a nemansa da sunan gari, da lamba ake nemansa."

Na buɗe takardar da ni na saya, ni na buga, na karanta ta ya fi sau goma. Rabat Agdal aka rubuta. A lokacin birnin tasha biyu gare shi, kuma Al Boraq a Agdal yake tsayawa. Gumi ya keto mini cikin sanyin nan. Muka fito muka tare shuɗiyar tasi, ta kai mu cikin 'yan mintuna, har muka samu sararin shan shayi kafin jirgi ya iso. Da shawarata aka bi, da muna tsaye a tashar da ba tamu ba jirgi zai wuce da kuɗin babur ɗina. Baba bai ce mini komai ba. Ya dai karɓi sauran tikitocin daga hannuna ya haɗa da nasa.

Al Boraq hawa biyu ne, na zaɓa mana sama, Baba a jikin taga. Sarki Muhammad na Shida ne ya raɗa masa sunan Buraƙa, aka buɗe shi a Nuwamban 2018, shi ne irinsa na farko a Afirka. Daga Rabat zuwa Kenitra tafiya yake kamar kowane jirgi, har Baba ya fara taɓe baki. Ana barin Kenitra sai ya hau sabon dogonsa, wajen kilomita 200 zuwa Tanja, inda yake kai 320 a awa. Ba ƙara, ba jijjiga, shayin da ke gabanmu ko motsi bai yi ba. Baba ya ɗaga agogo yana son ƙirga turakun gefen hanya yadda suke auna gudu a da. Ya fara, ya ɓace, ya sake, ya ɓace. Ya ajiye agogon ya yi shiru yana kallon gonaki suna shuɗewa. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da wannan, Zariya zuwa Kano ko rabin awa ba za a yi ba." Sai kuma ya ce, "Innarku ba ta taɓa yarda ta hau jirgina ba, wai yana daɗewa." Rabon da ya ambace ta da bakinsa tun addu'ar arba'in. Ban amsa ba, shi ma bai ƙara ba.

A Tanja mun tsaya a kan tudu mun hango Sifaniya a ƙetaren ruwa, mun nemo ɗan ɗakin da ake cewa kabarin Ibn Baɗɗuɗa ne, ɗan garin da ya yi yawon duniya har ya taka Takadda a ƙasar Nijar ta yau. Baba ya sayi jallabiyar ulu mai hula. Komawa Kasabalanka awa biyu da minti goma jadawali ya ce, tafiyar da a da take cin kusan awa biyar. Ya rubuta lokacin tashi, ya rubuta na isa, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Akwai wata bishiya kusa da tsohuwar tasha a Zariya inda tsofaffin ma'aikata ke zama da hantsi. Baba ya daɗe da daina zuwa, yanzu ya koma, da jallabiyarsa in ana sanyi, da baƙin littafinsa. An ce mini har yau akwai wani tsohon direba a cikinsu da bai yarda da awa biyu da minti goman nan ba, yana cewa agogon Baba ne ya tsaya. Makon jiya da na je gaishe shi, ya ce ya ji akwai irin jirgin tsakanin Makka da Madina. Na ce akwai, Haramain, shi ma tun 2018, kilomita 450.

"Tasha nawa ce a Jidda?"

Na ce zan duba.

"Duba da kyau," in ji shi. "Ka kawo mini da lambobin jiragen."